Za su fesa farar wuta a sama don rage zafin rana: wa ya tambayi masu damina?

Malam Habibu Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta jima tana yawo a tsakanin masana yanayi na Turai da Amurka, amma mu da abin zai fi shafa ba mu cika jin ta ba. Tun da an kasa rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wasu na cewa a koma kan rana kanta, a rage haskenta da ke isowa ƙasa. Dabarar ita ce jirage su haura kamar kilomita 20, sama da inda jiragen fasinja ke bi, su riƙa fesa iskar farar wuta. A can sama sai ta rikiɗa ta zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, su bazu su lulluɓe duniya, su mayar da wani ɗan kaso na hasken rana inda ya fito.

Daga duwatsu masu aman wuta suka kwaikwayo. A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe, ya watsa tan miliyan 15 zuwa 20 na wannan iska, kuma a shekarar da ta biyo baya zafin duniya ya sauka da kusan rabin digiri, kafin abin ya zube komai ya koma yadda yake. Wani masanin Rasha, Mikhail Budyko, ya kawo shawarar tun shekarun 1970, amma sai a 2006, da Paul Crutzen wanda ya ci kyautar Nobel ya rubuta cewa ya kamata a duba ta, aka fara ɗaukarta da gaske. Yanzu kuɗi sun fara shiga. A 2025 hukumar ARIA ta gwamnatin Birtaniya ta ware kusan fam miliyan 57 don binciken hanyoyin sanyaya duniya, har da ƙananan gwaje-gwaje a fili.

Ni damina ce ta tsaya mini a rai. Abincinmu na shekara ya rataya ne a kan ruwan wata uku zuwa huɗu. Idan aka taɓa rana, me zai faru da shi? Masana cikinmu ku yi mana bayani.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam, ba wannan ne aka ce sun yi a Dubai ba har ambaliya ta ci su a 2024?

Injiniya Nura:
A'a Hajiya, abu biyu ne daban. Na Dubai feshin girgije ne: jirgi ya shiga hadarin da ya riga ya haɗu, ya zuba masa gishiri ko wani sinadari don ya sauke ruwa. Abin gari ɗaya ne, na 'yan sa'o'i. Kuma ko ambaliyar Afrilun 2024 ɗin, masana yanayi sun ce gagarumin hadari ne da aka hango tun kafin ya iso, ba feshi ya kawo shi ba. Wanda Malam Habibu ke magana a kai na duniya ne baki ɗaya, kuma na shekaru.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne. Feshin girgije mu nan Nijar an yi shi a daminar 2022. Burkina sun fara nasu tun 1998, suna ce masa Saaga, Mali kuma suna da Sanji tun 2006. To amma wanga sai in akwai hadari. Jirgi ba ya ƙirƙiro girgije daga sarari fetal.

Dakta Zainab:
Malam Habibu, tambayarka ita ce ainihin wurin da ya kamata mu tsaya, kuma an yi bincike a kanta kai tsaye. Daminarmu iska ce mai danshi da ke tasowa daga tekun Atilantika, tana hauro arewa tana bin ɓangaren duniyar da ya fi ɗumi. Idan rabin duniya na arewa ya yi sanyi fiye da na kudu, ba ta hauro sosai. Sai ta tsaya can ƙasa, masu kurmi su sha ruwa, Katsina da Damagaram da Nguru su yi ta kallon gabas.

A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Birtaniya suka duba damunan Sahel daga 1900 zuwa 2010. Uku daga cikin huɗun da suka fi kowanne fari sun zo ne bayan wani babban dutse ya yi aman wuta a arewacin duniya. Akwai na Katmai a Alaska a 1912, akwai El Chichón na Meziko a 1982. Ku duba shekarun da suka biyo bayansu: 1913, sai 1983 da 1984. Da suka gwada feshin a lissafin kwamfuta, abin ya fito haka nan. In aka fesa a arewa kaɗai, Sahel ta bushe. In aka fesa a kudu kaɗai, Sahel ta yi kore, amma arewa maso gabashin Brazil ta shiga fari.

Ma'ana, wanda ya zaɓi inda jirgin zai yi feshi, shi ya zaɓi wanda zai samu ruwa.

Baba Alhaji Gumel:
'Yata Zainab, kin ambaci shekarun da ba a mantawa. 1913 zuwa 1914 ita ce yunwar da kakanninmu ke kira Kakalaba. Kakata ta ba mu labarin yadda mutane suka riƙa tonon gidan tururuwa don su kwashe ɗan tsabar da ta tara. Ta 1984 kuwa da idona na gani. Mun yi binne, ruwa ya sauka sau ɗaya gero ya tsiro, daga nan sama ta ɗauke. Kana zuwa gona da safe ka tarar da ganyen ya naɗe kamar tsinke, da rana ya kwanta, bayan kwanaki ka taɓa shi ya ruguje a hannunka. Aka sake shuka da irin da aka ranto. Wanda ya tsira ya fitar da kai, ruwa ya yanke kafin ya yi ido, muka girbe kara. Saniyar da mutum ya yi shekaru yana tattali ya sayar da ita a kuɗin da bai kai na buhun dawa ba, don in ya bar ta kwana biyu ko tashi ba za ta iya ba.

Wannan ikon Allah ne, mun karɓa. Amma a ce mutum ne zai zauna a ofis ya jawo irin wannan da hannunsa? Ku yara da kuka yi karatu, kada ku yi shiru.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu nan ta 1984 El Buhari muke ce mata, don ta zo daidai lokacin da aka rufe iyaka, hatsi bai shigowa daga Najeriya. Anza mutane suka ci, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita.

Injiniya Nura:
Allah ya jiƙan magabata. Baba, ba na jayayya da abin da ka gani. Amma ku ba ni dama in faɗi ɗaya ɓangaren, don kada mu yi kamar in an bar rana yadda take muna zaune lafiya.

A ranar 3 ga Afrilun 2024, ana cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali. Asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Masana da suka bincika sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar yanayi ba. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara aunawa, ta haura digiri 1.5 a kan zamanin da ba a fara masana'antu ba. Wannan ma yanzu ke nan. Wanda ke da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta ɗaukewa zai iya cewa a jira har manyan ƙasashe su daina ƙona gawayi da fetur. Mai kwana a ɗakin langa-langa a Sakkwato fa?

Sannan Dakta ta san yawancin masana ba sa ba da shawarar a fesa a ɓangare ɗaya. Tsarin da ake nazari yanzu shi ne a raba daidai, arewa da kudu. Wani binciken 2019 na Peter Irvine da David Keith da wasu ya nuna cewa in aka yi feshin da zai rage rabin ɗumamar kawai, wuraren da yanayinsu zai ƙara lalacewa ba su kai kashi 1 cikin 100 na doron ƙasa ba. Mun san hazon hunturu. Ƙurar da ke tasowa daga Bodele a Chadi tana dushe rana, gari ya yi sanyi, ba mu mutu ba.

Dakta Zainab:
Injiniya, hazo yana zuwa ne da rani, bayan an kai amfani gida, kuma cikin 'yan makonni ya wuce. Wannan zai zauna a sama da damina da rani, shekara da shekaru.

Binciken Irvine na san shi, kuma ban raina shi ba. Amma a kwamfuta aka yi shi, kuma a saukake: rage ƙarfin rana suka yi a lissafi, ba feshin farar wuta na gaske da yadda iska za ta kwashe shi ba. Da masana daga Benin suka duba daminar Afirka ta Yamma ita kaɗai a 2020, a ƙarƙashin feshin da aka tsara shi a wurare da dama arewa da kudu, sun ga ruwa ya ragu a gaɓar teku da kudancin Sahel. Kuma ka sani kamar yadda na sani, daminar Sahel na cikin abubuwan da lissafin kwamfuta ya fi saɓani a kansu. Wani ya ce za ta ƙaru, wani ya ce za ta ragu.

Akwai ma abin da ba na kwamfuta ba. Farin shekarun 1970 da 1980 an daɗe ana ɗora wa manomanmu da makiyayanmu laifinsa, wai sun sare itatuwa, dabbobi sun cinye ciyawa. Daga baya bincike ya nuna babban abin da ya jawo shi canjin zafin tekuna ne, kuma hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka, wanda ya sanyaya arewacin Atilantika, yana da hannu a ciki. An taɓa yi mana wannan feshin sau ɗaya ba da niyya ba, aka kuma ce laifinmu ne.

Abu Hafsat:
Ni duk wannan lissafin bai dame ni ba kamar tambaya ɗaya: wa zai riƙe makunnin? Mu mutanen Kano ba yau muka fara jin kalmar gwaji ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara wajen 200, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Kafin nan, a Fabrairun 1960, Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya, ba ta nemi izinin waɗanda iska za ta kai wa ƙurar ba. Gwamnatin Tafawa Ɓalewa sai da ta kori jakadan Faransa a farkon 1961 a kan ci gaba da irin wannan gwaji. A lokacin muna da watanni kaɗan da samun 'yanci, amma an iya cewa a'a.

Injiniya Nura:
Ɗan'uwa, wannan tarihin gaskiya ne, kuma shi ya sa nake cewa mu shiga binciken da kanmu. In ba mu da masanan da suka san abin ciki da waje, ranar da za a yanke hukunci da me za mu yi musu?

Ustaz Auwal:
Bismillah. Ina bin muhawarar tun farko. Neman sauƙi daga musiba ba laifi ba ne, ana haƙa rijiya ana gina madatsar ruwa, ba wanda ya ce an yi shisshigi ga ikon Allah. Amma malamai suna da ƙa'ida: ba a gusar da cuta da cuta irinta ko wadda ta fi ta, kuma ba ka da hakkin ka kawar da cuta daga kanka ka ɗora wa maƙwabcinka. Aya ta 41 a Suratur Rum ta gaya mana ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ƙarshenta kira ne a komo. Komowar a nan ita ce a daina abin da ya jawo ɓarnar. Dakta, feshin nan yana rage hayaƙin da ke sama ne, ko yana rufe shi kawai?

Dakta Zainab:
Allah ya gafarta Malam, ko ƙwayar zarra ba ya ragewa. Iskar kabon da ta taru tana nan, kuma wani kaso nata zai kai ɗaruruwan shekaru. Teku zai ci gaba da shanye ta yana ƙara tsami, abin da ke cutar da halittun ruwa. Farar wutar kuwa shekara ɗaya zuwa biyu take yi ta zubo. Saboda haka in an fara sai an ci gaba, kowace shekara, jikoki da tattaɓa-kunne. Idan aka yi shekara 50 ana feshi hayaƙi kuma na ƙaruwa, sannan yaƙi ko rikicin kuɗi ko canjin gwamnati ya tsayar da jiragen, duk zafin da aka danne zai dawo cikin 'yan shekaru. Ba iri, ba dabba, ba daji da zai iya sabawa da canji mai sauri haka. Ga kuma batun ozon, rufin da ke kare mu daga hasken rana mai ƙuna. Tun yarjejeniyar Montreal ta 1987 ake lallaɓa shi yana warkewa, farar wuta kuma tana iya jinkirta warkewar.

Sista Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, bari in ƙara wani abu. A 2022 an wallafa bincike kan feshin nan da zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana da zafin da ta fi so, in ya wuce haka yaɗuwarta na raguwa. Suka gano sanyaya duniya zai iya taimakon tsaunukan gabashin Afirka, amma a wurare masu tsananin zafi irin namu zai iya mayar da yanayin daidai inda sauro ke so. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara a asibiti a watan Satumba, yara biyu uku a gado ɗaya, uwaye a zaune a ƙasa ana neman jini, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Injiniya Nura:
Sista, to kin ga ai ta hanyar bincike muka san wannan. Da an hana binciken da ba mu sani ba.

Abu Hafsat:
Bincike a kwamfuta daban, sakin abu a sama daban. Kuma masu sakin ba su jira kowa ba. Wani ƙaramin kamfanin Amurka mai suna Make Sunsets ya je Baja California a Meziko a 2022, ya cika balan-balan da iskar farar wuta ya saki, ba tare da ya nemi izinin gwamnatin ƙasar ba, ya koma yana sayar wa mutane takardar shaidar wai sun sanyaya duniya. Sai a Janairun 2023 Meziko ta ce za ta haramta. In sun yi wa Meziko da ke maƙwabtaka da su haka, me zai hana wani ya sauka a Agadas ko Faya ta Chadi gobe?

Malam Habibu Zariya:
Abu Hafsat, akwai kuma inda mutanen wuri suka tsaya aka fasa. Jami'ar Harvard ta shirya harba balan-balan na gwaji a Kiruna, arewacin Suwidin, a 2021. Majalisar 'yan ƙabilar Sami, makiyayan yankin, ta rubuta ta ce ba ta yarda ba, aka dakatar, kuma a Maris 2024 aka rufe shirin gaba ɗaya. A shekarar kuma majalisar garin Alameda a Kalifoniya ta hana wasu masu bincike fesa ruwan gishiri a iska don ƙara wa girgije haske. Makiyaya da kansiloli ne suka yi wannan, ba shugabannin ƙasashe ba.

Maman Ilham:
To gwamnatocinmu fa, sun ce wani abu?

Dakta Zainab:
Sun ce, Hajiya, kuma a nan sun yi abin a yaba. A Agustan 2023 ministocin muhalli na Afirka suka yi taro a Addis Ababa suka nemi a ƙulla yarjejeniyar duniya ta ƙin amfani da wannan fasaha. A farkon 2024, a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi, Suwizalan ta kawo ƙudurin a kafa kwamitin masana a kan batun. Ƙasashen Afirka suka tsaya a kan sai an ambaci ƙin amfani, aka kasa daidaitawa, aka janye ƙudurin. Akwai kuma matsayar da aka cimma a Nagoya ta Japan a 2010, ƙarƙashin yarjejeniyar duniya ta kare halittu, cewa a dakata da irin waɗannan ayyuka, amma ba ta da haƙoran cizo, kuma Amurka ba ta cikin wannan yarjejeniyar.

Injiniya Nura:
Kuma sakamakon janyewar shi ne har yau babu kwamitin, babu dokar. Wa ya ci riba? Wani lissafi na 2018 ya nuna shekaru 15 na farko na feshin za su ci dala biliyan 2 da 'yan kai a shekara. Ƙasashe da yawa za su iya biyan wannan su kaɗai. Ranar da zafi ya kashe dubban mutane a mako guda a wata babbar ƙasa, shugabanta ba zai tsaya karanta takardar Addis Ababa ba. Ni ina goyon bayan a hana saki a sama. Amma akwai ƙungiyar Degrees da ke ba masanan ƙasashe masu tasowa kuɗin nazarin abin a kwamfuta, har da tawagogi a Najeriya da Ghana da Mali da Kamaru da Benin. Irin wannan nake so a ninka, kuma da kuɗinmu, a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Abdou Moumouni ta Yamai.

Abu Hafsat:
Da kuɗinmu, na yarda. Da kuɗin masu son a yi feshin, ban yarda ba. Afirka gaba ɗaya hayaƙinta bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba. Duk ranar da aka gaya wa masu sauran kashin cewa akwai hanya mai arha ta rufe zafin, ranar za su sassauta da rage hayaƙi. Kai ma ka san haka, Injiniya.

Injiniya Nura:
Wannan haɗarin gaskiya ne, ban musa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rashin saninmu zai hana su.

Baba Alhaji Gumel:
Ku tsaya 'ya'yana, ni tambaya ɗaya gare ni. A ce sun yi feshin, shekara ta juyo ruwa ya ɗauke mana a watan Agusta gero na bununi. Wa za mu kama? Ina za mu kai ƙara?

Dakta Zainab:
Baba, a yau babu kotun da aka kafa don wannan, babu dokar diyya. Kafin ma a kai ga kotu, sai mun tabbatar feshin ne ya jawo, su kuma za su ce ai Sahel ta saba fari tun kafin a ƙera jirgi, su kawo 1913 da 1973 da 1984 a matsayin hujja. Tabbatarwar na buƙatar ma'aunan ruwan sama masu yawa da bayanan shekaru masu tsawo ba yankewa, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta sha faɗin cewa tashoshin auna yanayi a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Akwai ƙananan hukumomi da dama da ba wanda ke rubuta yawan ruwan da ya sauka a cikinsu.

Ko ɓarnar da kowa ya yarda hayaƙi ne ya jawo ta, sai a 2022 a Sharm el-Sheikh aka amince a kafa asusun biyan asara, bayan shekara 30 ana roƙo. Alkawuran da aka yi masa a taron Dubai na 2023 sun tsaya a wajen dala miliyan 700, na ƙasashe masu tasowa duka.